Yadda na sasanta da madara

Shekaru na yi ina ɗora wa olsa laifi. Kullum da safe, kafin in wuce makarantar da nake koyarwa a Jega, sai na tsaya wurin mai shayi ya haɗa mini mai kauri, rabin gwangwanin madara, wata rana har da ƙarin ta gari. Kafin a tashi tara ciki ya ɗauki ƙugi, ya kumbura tim. Wanda bai taɓa tsayawa gaban yara hamsin yana danne iska ba, bai san wannan azaba ba. Na sha maganin olsa, na sha na taifot, na sha jiƙe-jiƙen basir. Shiru kake ji.

Wani abokina ma'aikacin jinya ne ya ce in ajiye madara mako biyu mu gani. Kwana huɗu ciki ya lafa. Ashe akwai wani sukari a madara, laktos, kuma ƙaramin hanji ne ke samar da sinadarin laktes mai narkar da shi. Jariri na da laktes isasshe, amma bayan yaye yakan ragu a jikin mafi yawan mutanen duniya. Sukarin da bai narke ba sai ya gangara babban hanji, ƙwayoyin bakteriya da ke can su tsimar da shi, iska ta taru, ruwa ya biyo, sai zawo. Fulani da yawa kuwa sun yi gadon riƙe sinadarin har tsufa.

Da na gaya wa Inna, dariya ta yi. "Kai da ka sha nono wata ashirin, yau kuma madara ce abokiyar gabarka?"

Ni dai ban ga ranar rabuwa da fura ba, don haka na riƙa gwada abu ɗaya-ɗaya. Nono mai tsami, wanda ya kwana, bai taɓa ni ba, domin ƙwayoyin da suka sa shi tsami sun riga sun cinye wani kaso na sukarin. Man shanu kusan babu laktos a cikinsa, ina malala shi a tuwon shinkafa da miyar kuka yadda na saba. Awara ma waken suya ce, ba ruwanta. Maƙiyana su ne madarar gari da ta gwangwani, don ruwan aka janye aka bar sukarin a dunƙule. Kofi ɗaya na madarar shanu na ɗauke da laktos wajen giram 12. Ni rabin kofi bayan na ci abinci nake ɗauka lafiya, in na cika shi kuwa sai na ji a jikina.

Ganganci ɗaya na yi da azumin bara. An gayyace mu shan ruwa, aka kawo fura mai sanyi da aka dama da yogot na shago, aka barbaɗa madarar gari. Ciki ba komai sai dabino uku, na kafa kai na shanye kwano guda. Raka'a huɗu na samu a asham, sauran a bayi na ji su ta lasifika.

Mai shayi har yau bai yafe mini ba, tunda na koma ruwan bunu da citta. Mai nono kuwa ta gane ni. Da ta hango ni sai ta jawo ƙwaryar gefe, ta ce, "Malam, ga naka, na jiya ne."