Fam ɗaya a kan kowane ɗaki: wasiƙa zuwa ga Zazzagawa daga Manchesta

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan uwa na Zariya da kewaye. Da fatan kuna lafiya, ya iyali, ya ɗawainiya?

Ni dai karatu ya kawo ni Ingila, amma kuɗin makaranta ya sa nake kwana a zaune a kantar wani otal a tsakiyar birnin Manchesta, ina karɓar baƙi. Duk wanda ya kama ɗaki sai ya ga an ƙara masa fam ɗaya a kowane dare bayan kuɗin ɗakin. Tun watan Afrilun 2023 ake yin haka. Baƙin da yawa ba sa ma duban takardar. Wanda ya tsayar da ni wani dattijo ne ɗan ƙasarmu da ya zo bikin kammala karatun 'yarsa, ya ɗora yatsa a kan layin ya ce, "Yaro, wannan na mene ne? Kwanan ma sai an biya masa haraji?" Na yi masa bayani, ya biya, ya ce a gida da an yi haka da an ji kansu. Tun daren nan maganar take cina.

Fam ɗayan nan masu otal-otal ne da kansu suka ƙada ƙuri'a suka amince da shi, kuma an faɗi inda zai tafi: share tituna, tallata birnin, da jawo manyan taruka. A shekarar farko an tara wajen fam miliyan 2.8. Manchesta ma mai sauƙin hannu ce. Amstadam ta ƙasar Holan tana karɓar kashi 12.5 cikin ɗari na kuɗin ɗaki tun 2024. Edinbara ta Sukotilan ta tsayar da kashi 5 daga Yulin 2026, kuma dare biyar na farko kawai. Faransa kuwa tun 1910 take da dokar irin wannan haraji. Hujjarsu ɗaya ce: baƙo yana taka titi, yana amfani da ruwa, yana barin shara, sannan ya ɗau jakarsa ya tafi, ɗan gari ne ke biyan gyara.

Kada a ce abin Turai ne kawai. Legas ta kafa dokar karɓar kashi 5 a kan otal da gidajen abinci tun 2009, ga kuma harajin VAT na kashi 7.5 da ke kan kowa. Jihohi suna neman kuɗin shiga ido rufe, don haka ba zan yi mamaki ba in wata rana wani ya miƙe ya ce a sa wa kwanan baƙo kuɗi na musamman a garinmu, don a gyara ganuwa ko a kula da Kufena.

To, kafin ranar ta zo, mu tambayi kanmu: wa ke kwana a masaukan Zariya? Wanda ya zo kallon hawan daushe, ko ganin tsohon masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, yawanci daga Kaduna ko Kano yake zuwa da hantsi, kafin magariba ya kama hanya. In ma ya kwana, gidan ɗan uwa ko aboki zai sauka, mu ba mu iya barin baƙo ya kama ɗaki muna da zaure ba. Masu cika ɗakunan Samaru da Kongo da Sabon Gari su ne uban da ya rako 'yarsa tantancewa a Jami'ar Ahmadu Bello, da dangin da suka zo yaye ɗalibai, da ma'aikacin da aka turo kwas. Sai kuma waɗanda suka fi tsaya mini a rai, masu jinya a asibitin koyarwa na Shika, waɗanda suka sayar da akuya ko buhun masara suka taso daga Katsina ko Zamfara, suna ƙirga kwanaki suna ƙirga sauran kuɗin magani. Wannan ba ɗan yawon buɗe ido ba ne, ko da wane suna aka rubuta shi a takarda.

A nan ne birnin Rum na ƙasar Italiya ya burge ni. Suna karɓar harajin kwana, kuma ba kaɗan ba, amma sun ɗauke wa yara ƙanana, sun ɗauke wa marar lafiya da mai jinyarsa. In har za mu kwaikwayi wani abu, daga wannan ya kamata a fara, tun kafin a yi maganar nawa za a karɓa.

Sai batun amana, wanda shi ne ya fi wuya. Iyayenmu ba su manta da haraji da jangali ba, kuma sun san dalilin da ya sa talakawa suka yi murna da Balarabe Musa ya soke su a jihar Kaduna bayan hawansa mulki a 1979. An daɗe ana karɓa ba a ganin abin da aka yi da shi. Ni a nan in na tashi aiki da asuba ina haɗuwa da masu wanke titi, na san fam ɗayan da na karɓa da dare yana da hannu a ciki. In a Zariya ne, ina so mai otal ya iya nuna wa baƙonsa fitilar titi ko magudanar ruwan da aka haƙa a ƙofar masaukinsa ya ce ga kuɗinka. Rasit guda, asusu guda, a liƙa lissafin a bainar jama'a duk shekara. In kuwa yara ne za a turo da riguna masu tambari su riƙa bin otal-otal, kowa da tasa takardar, gara a bar baƙinmu su yi barcinsu.

Dattijon nan ya kwana uku. Da zai tafi ya ajiye fam uku a kan kanta daban, ya ce na shayi ne, tunda ni ne na yi masa bayani da Hausa.

A gaida mutanen Tudun Wada da na Ƙofar Doka. A sa mu a addu'a, sanyi ya fara shigowa.

Naku,
Ɗan Tudun Wada a Manchesta