Jinyar wanda ya bugu a ka: abin da bincike ya nuna

Da yawa daga cikin waɗanda ake kawo mana asibiti a sume a nan Garwa 'yan babur ne da suka faɗi ba hular kwano, sai kuma dattawan da hawan jini ya jawo wa shanyewar ɓarin jiki. Nakan ji abokan aiki suna cewa tunda ba mu da na'urar auna matsin cikin ƙoƙon kai, aikinmu bai wuce sa ruwa da jira ba. Ban yarda da wannan magana ba.

A shekarar 2012 an wallafa gwajin da aka yi a Bolibiya da Ekwado kan mutum 324 masu mummunan rauni a ka. An sanya wa wasu na'urar, wasu kuwa aka dogara ga dubawa a kai a kai da hoton ƙwaƙwalwa, kuma bayan wata 6 ba a sami wani bambanci na a zo a gani tsakaninsu ba. Gaskiya ne su suna da hoton, wanda kuɗinsa kan gagari iyalai da dama a wajenmu, amma dubawar tana hannunmu. Ma'aunin Glasgo na auna yadda mara lafiya yake cikin hayyacinsa, wanda aka fito da shi a 1974, yana ba da maki daga 3 zuwa 15, kuma ba ya bukatar komai sai ido da biro. Idan makin ya fara sauka, ko aka haska tocila aka ga baƙin ido ɗaya ya buɗe fiye da ɗan'uwansa, to a kira likita nan take. Ɗaga kan gado zuwa digiri 30 tare da miƙe wuya shi ma yana rage matsin.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne binciken Ostireliya na 2011 kan masu shanyewar ɓarin jiki, domin ma'aikatan jinya ne suka jagorance shi. Sun tsare abu uku kawai, wato zazzaɓi, sukarin jini da haɗiya, sai mutuwa ko dogaro ga wasu ya ragu da kusan kashi 16 cikin 100 bayan kwana 90. Haɗiyar ce babbar matsalarmu, saboda 'yar mara lafiya takan zo da kunun gyaɗa a fulas, ta tallafo kan mahaifinta ta ɗura masa cikin tausayi, alhali maƙogwaronsa ba ya aiki, kunun ya zarce huhu. Nakan ce mata, "Hajiya, a yi haƙuri har mu gwada shi da cokalin ruwa tukuna," domin idan ya ƙware ko muryarsa ta canza, sai dai a ciyar da shi ta robar hanci.