Babban Fiyano da Hunturun Sakkwato

Wanda ya ajiye babban fiyano a Sakkwato, irin mai ƙafa uku wanda tsirkiyoyinsa ke kwance, ba ya daɗewa yake gane cewa sunan kamfanin da aka rubuta da ruwan zinari a goshinsa ba shi kaɗai ke da iko da muryarsa ba, domin iskar garin ma tana da ta cewa. Nawa ƙirar kamfanin Kawai na Japan ne, na hannu na saye shi, kuma ra'ayina game da masu ƙera fiyano ya samo asali ne daga zama da shi cikin hunturu da bazara da damina.

Fiyano yana da madannai 88 da tsirkiyoyi kusan 230, waɗanda ƙarfin jansu gaba ɗaya ya kai wajen tan 18 zuwa 20, kuma firam na ƙarfen zubi ne ke ɗauke da wannan nauyi. Amma amon yana fitowa ne daga wani siririn allon katako da ke ƙarƙashin tsirkiyoyin, wanda yake sha'awar laima kimanin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. A nan kuwa laimar hunturu takan faɗi ƙasa da kashi 20, zafin Afrilu ya haura digiri 40, sannan Agusta ta zo da danshi. Makaɗa sun san fatar ganga tana saki da damina har sai an gasa ta, amma fiyano akasin haka yake yi: danshi yana kumbura allon sai murya ta hau, bushewa kuma ta sa ya tsuke sai murya ta sauka, musamman a madannan tsakiya.

Babu mai musun darajar manyan kamfanonin Turai da Amurka. Steinway, wanda aka kafa a New York a 1853 kuma yake da masana'anta a Hamburg, yakan ɗauki kusan shekara guda kafin ya kammala fiyano ɗaya, kuma amonsa yana cika babban zaure ba tare da lasifika ba. Bösendorfer na Biyana, babban birnin Austriya, wanda ya fara aiki a 1828, ya yi suna da kaurin murya a ɓangaren ƙasa, har samfurinsa na Imperial yana da madannai 97. Blüthner na Leipzig yana ƙara tsirkiya ta huɗu a ɓangaren sama, wadda guduma ba ta bugunta, sai dai ta amsa amon 'yan'uwanta. Ina jin daɗin sauraronsu ƙwarai, sai dai irin wannan aikin hannu yana buƙatar ƙwararren mai saiti, wato mai daidaita muryar tsirkiyoyi, a kusa, abin da ba mu da shi. Sai an ɗauko mutum daga Abuja ko Legas, an biya masa kuɗin hanya da masauki.

Saboda haka ne na fi karkata ga Japanawa. Yamaha, wanda ya ƙera babban fiyanonsa na farko a 1902 kuma ya sayi Bösendorfer a 2008, an san shi da daidaiton aiki, ta yadda fiyano biyu na samfuri ɗaya ba sa bambanta sosai, kuma muryarsa garau take, ko da yake a ƙaramin falo mai daɓen tayil takan yi mini kaifi. Kawai, wanda Koichi Kawai ya kafa a 1927 a Hamamatsu, ya fi taushin murya, kuma ya maye gurbin wasu sassan katako na injin madannai da roba mai ƙarfi wadda ba ta kumbura ba ta tsukewa. Masu riƙo da tsohuwar al'ada suna raina wannan roba, amma a ƙasar da madanni ke iya maƙalewa a Agusta ya riƙa ƙara a Janairu, ni ina ganinta babbar hikima ce.

Haɗari mafi girma yana wajen sayen na hannu, ko da na wane kamfani ne. Katakon da ya yi shekaru a ƙasa mai laima yakan sha wuya idan aka kawo shi nan. Na taɓa duba wani da aka yi mini tayi, fentinsa yana ƙyalli, amma da na haska tocila daga ƙarƙashi sai ga tsaga a allon mai faɗin da farce zai shiga, kusoshin da ke ɗaure tsirkiya kuma sun yi sakwa-sakwa, wanda ke nufin saiti ba zai zauna ba.

Nawa yana jikin bangon ciki, nesa da taga da na'urar sanyaya ɗaki, murfinsa a rufe saboda ƙura, ga ma'aunin laima a gefensa. Da hunturu ina kunna na'urar ƙara danshi idan akwai wuta, idan babu kuma in ajiye robobin ruwa a ƙarƙashinsa. Mai saiti kuwa ba na kiransa sai yanayi ya zauna, wato bayan hunturu ya kankama da kuma bayan ruwa ya sauka sosai.