Yadda Na Shawo Kan Farin Ɓawon Tankin Kifina

Ruwan tankin kifi kullum raguwa yake, ko babu inda yake yoyo. Abin da ke tashi sama ruwa ne zalla. Kalsiyam da magnesiyam da sauran gishirin da ke narke a ciki suna nan zaune, kuma su ne ke barin farin layin nan mai kaushi a bakin gilashi.

Na fahimci girman matsalar ne bayan na sayi ƙaramar na'urar TDS, wadda ake tsoma bakinta a ruwa ta nuna yawan abin da ya narke. Ruwan tankina ya zarce na famfo nesa ba kusa ba, alhali da shi nake cikawa. Lissafin ba wuya. A ce tanki lita 100 ne, ruwansa na kan ppm 200 (ppm shi ne ma'aunin da na'urar ke nuna yawan abin da ya narke da shi). Lita 10 ta ƙafe, ka cike da ruwan famfo mai ppm 200, yanzu ya koma 220. Ka maimaita sau goma ba ka kwashe ko kofi ɗaya ba, ka kai 400. Nitret ma, wato sinadarin da ke samuwa daga kashin kifi, haka yake taruwa.

Yanzu aiki biyu nake yi daban. Ruwan da ya ƙafe, da ruwan RO nake mayar da shi, wato wanda aka tace har kusan ba ma'adani a cikinsa. Canjin ruwa kuwa, duk mako nake zuƙe wajen kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, in zuba na famfo da aka sa wa maganin kashe kulorin. Zuƙewar nan ce kaɗai ke fitar da gishirin. Kuma sai na fara cike giɓin da RO tukuna in yi canjin.

A hankali na sauko da lambar TDS ɗin. Kifin da ya saba da ruwa mai nauyi, wato mai yawan ma'adani, in aka juya masa shi farat ɗaya, jikinsa ba ya ɗauka. Irin kifayen da ake kira gufi da moli ba su damu da ruwa mai nauyi ba, ƙananan kifayen tetra ne suka fi son mai laushi, wato mai ƙarancin ma'adani. RO zalla ma ba a cika tanki da shi, don KH, wato ma'adanin da ke daidaita tsamin ruwa, zai faɗi, pH (ma'aunin tsamin ruwan) ya riƙa tsalle.

Murfi ya rage min rabin wahalar, don yana rage ƙafewar ruwa, a ganina ya fi duk wani maganin kwalba amfani.

Ɓawon kansa, kalsiyam kabonet ne, tsami ke narkar da shi. Idan na sauke ruwa lokacin canji, sai in jiƙa tsumma da farin khal in manna a wurin na ɗan lokaci, in goge, in sake bi da tsumma mai ruwa don kada ya gangara cikin tankin. Wanda ya yi taurin kai, reza nake sa masa a kwance, amma a gilashi kawai, tankin roba karcewa yake. Sabulu kuwa ko kusa.