Farar bishiyar da ta raka ni zuwa Tampere

Tun da jirgin ƙasa ya bar Helsinki, babban birnin Finland, nake leƙen taga. Watan Yuni ne, rana ba ta da niyyar faɗuwa. Wasu bishiyoyi sirara, farare tas, suka yi ta bin layin dogo har Tampere, tafiyar kusan awa biyu. Da fari na ɗauka farar ƙasa aka shafa musu, irin yadda ake yi wa gindin itatuwa idan gwamna zai zo gari. Ashe haka Allah ya halicci ɓawonsu.

Washegari mai masaukina, dattijon da ya tsufa a aikin gandun daji, ya kai ni bakin tafki. Bai yi dogon bayani ba. Ya miƙo mini ɗan reshe ya ce in shafa. Na ji kaushi, ƙananan ƙuraje kamar na zafi. Ya miƙo wani, shi kuma laushi, da ɗan gashi-gashi. A idona duk bishiya ɗaya ce, amma a yaren mutanen Finland sunan ta farko rauduskoivu, ta biyu hieskoivu.

Na ɗan ji sanyi da na gane ba ni kaɗai na ruɗe ba. Shi kansa Linnaeus, masanin tsirrai ɗan Suwidin, a 1753 ya haɗa su ya kira su Betula alba, wato fara. Sai a 1788 wani Bajamushe, Albrecht Roth, ya raɗa wa mai ƙurajen Betula pendula. Da Latin, pendula na nufin abin da ke reto. Na ɗaga kai, ga rassan nan sun zubo ƙasa kamar kitson da aka tsefe, iska na kaɗa su. Roth ya iya raɗin suna. Wannan pendula ce kuma mutanen Finland suka zaɓa bishiyar ƙasa a 1988.

Da yamma dattijon ya ɗaure rassanta masu ganye ya yi ɗan dami, vihta, muka shiga ɗakin sauna, wato ɗakin wankan tururi. Ya ce ta pendula ake so, don ganyenta ba ya saurin kaɗewa. Da ya ɗaga damin zai shauɗa mini a baya, sai na tuna tsumagiyar makarantar allo, na ƙanƙame jiki. Ya fashe da dariya. Babu zafi ko kaɗan, sai ƙamshin ɗanyen ganye da ya cika ɗakin. Na karɓi damin na ce ya juyo, ni ma in rama.