Ban ruwan ɗigo ga shukar bokiti

Masu shuka a bokiti da buhu a tsakar gida, ku matso. Da shigowar bazara na haɗa wa tumatur da attarugu ban ruwa na ɗigo, wato ruwa ya biyo tiyo daga tanki yana ɗiga a gindin kowace shuka. Abin da ya dame ni shi ne na kusa da tanki ya sha ya ƙoshi, na ƙarshen layi kuwa ganyensa ya langaɓe tun kafin azahar. Ƙarfin ruwa raguwa yake yi yayin da yake bin tiyo, ga shi kowace mita 1 da aka ɗaga tanki sama, ƙarfin ruwa 0.1 kacal take bayarwa a ma'aunin da ake kira bar.

Sai na ƙara ɗaga tankin, na jera bokitan a wuri ɗaya ba tudu ba kwari, na zagayo da ƙarshen babban tiyo mai faɗin milimita 16 na haɗe shi da farkonsa. Ƙananan tiyo masu faɗin milimita 4 da ke kai ruwa ga kowane bokiti duk na yanka su tsawo ɗaya. Na ajiye kofi ƙarƙashin kowane kan ɗigo na minti 10, wanda ruwansa ya gaza na gyara shi.

Don Allah ku sa abin tacewa a bakin tanki, yashin ruwan rijiya ba ya jimawa yake toshe ƙofar ɗigon. Alhamdulillah, yanzu na ƙarshen layi ma ya fara fure.