Ruwa a gindin tano: ta ina yake shiga?

Da damina ta kankama a Maraɗi sai ka ji masu injin ban ruwa da ƴan kabu-kabu suna ɗora wa mai sayar da mai laifi, wai ya gauraya da ruwa. Akwai masu yin haka. Amma sau da yawa a gida ruwan ya shiga, sannu a hankali.

Tanon da ba a cika ba numfashi yake yi. Da rana ƙarfe ya yi zafi, iskar ciki ta kumbura ta fita. Da dare ya huce, sai ya zuƙo iskar waje mai laima, laimar ta zama raɓa a jikin ƙarfen ta gangara ƙasa. A Yuli da Agusta kullum haka ake yi. Ruwa kuwa ya fi mai nauyi: litarsa kilo 1, ta gazuwal kusan giram 840, ta fetur kusan 740. Shi ya sa yake kwantawa a gindi inda ido ba ya kaiwa. Tanon da aka bari tsaye a fili ya fi shan wahala, don ruwan sama na taruwa a samansa, ya tsotse shi ta murfi ko an ɗaure.

Gazuwal mai hazo-hazo shi ma yawanci ruwa ne. In man yana da ɗumi yakan riƙe ɗan ruwa a narke, in ya yi sanyi ya sake shi ƙananan ɗigo-ɗigo. Ƙurar hunturu da tsatsa ma suna dusashe shi. Abin da ya fi damuna shi ne baƙin kaurin nan mai yauƙi da ke tsirowa tsakanin ruwa da gazuwal. Ƙwayoyin halitta ne ke rayuwa a wurin, su ke toshe matatar inji.

Gwajin ba wuya. Ɗebo daga can ƙasa a farar kwalba, ajiye minti 30, ruwan zai ware a gindi.

A cika tano ko bido a bar ɗan fili kaɗan na kumbura, a ajiye a inuwa bisa katako. In a waje yake, a karkata shi don ruwa kada ya tsaya kan murfi. Wanda aka kawo yau a bar shi ya kwana kafin a ɗiba, tiyo kuma ya tsaya santimita 10 sama da gindi. Kada a ja da baki.